Dawowar sankarar hanji mai majina bayan tiyata

Sankarar hanji mai majina wani nau'i ne na ciwon dajin babban hanji da dubura, wanda fiye da rabin ƙarinsa majina ce mai kauri da yauƙi. Ƙwayoyin cutar ne suke fitar da majinar, ta taru a bangon hanji kamar ƙananan kududdufai, su kuma suna iyo a cikinta. Likitoci suna kiran sinadarin majinar musin, cutar kuma adinokasinoma mai musin. A ƙasashen Turai da Amurka wannan nau'i ya kai kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na dukkan sankarar babban hanji.

Tiyata ita ce babbar hanyar warkar da cutar muddin ba ta bazu ba, sai dai a wasu marasa lafiya takan dawo bayan watanni ko shekaru. An daɗe ana ɗaukar nau'in mai majina a matsayin wanda ya fi muni. Manyan bincike na shekarun baya-bayan nan sun nuna cewa majinar ita kaɗai kaɗan take ƙara haɗarin mutuwa. Abin da ya fi tasiri shi ne matakin da cutar ta kai kafin a gano ta, da wurin da ƙarin yake, da kuma ko an cire shi baki ɗaya. Babban bambancin nau'in yana ga wurin da yake dawowa, domin ya fi son tantanin da ya lulluɓe kayan ciki, wurin da ke da wuyar gani a hoto kuma da wuyar magani. A Jihar Kano da sauran sassan arewacin Najeriya, inda akasarin marasa lafiya ke zuwa asibiti a makare, wannan hali yana ƙara wa bibiya bayan tiyata muhimmanci.

Ma'ana da tarihi

Lafiyayyen hanji yana fitar da majina domin ya kare bangonsa daga ƙwayoyin cuta, ya kuma sauƙaƙa wucewar bayan gida. Babban sinadarin wannan majina shi ne furotin da ake kira MUC2. A sankara mai majina ƙwayoyin cutar suna ci gaba da fitar da shi fiye da kima, ba tare da wata hanyar da zai fita ba, har ƙarin ya yi laushi yana sheƙi kamar danƙo idan aka yanka shi.

Wani likita ɗan Amurka mai suna Parham ya yi cikakken bayanin irin wannan ƙari a shekarar 1923. Ma'anar da ake aiki da ita a yau ta Hukumar Lafiya ta Duniya ce, wadda ta gindaya sharaɗin cewa sai majinar da ke wajen ƙwayoyi ta wuce kashi 50 cikin 100 na ƙarin. Idan ba ta kai haka ba, ana rubuta shi a matsayin sankarar hanji ta yau da kullum mai ɗauke da ɓangaren majina. Littafin hukumar na rarraba ciwace-ciwacen kayan ciki, bugu na 5 na shekarar 2019, ya riƙe wannan ƙa'ida.

Akwai wani nau'i makusanci da ake kira mai ƙwayar zobe, inda majinar ke taruwa a cikin ƙwayar kanta har ta tura cibiyarta gefe, ta yi kama da zobe mai ido. Wannan bai wuce kashi 1 cikin 100 ba, kuma ya fi na farkon muni nesa ba kusa ba. Tsofaffin rahotanni da dama sun haɗa nau'ukan biyu wuri guda, abin da ya taimaka wajen ɓata sunan nau'in mai majina.

Ba a tabbatar da nau'in sai bayan tiyata. Ɗan guntun tsokar da ake tsinkowa da na'urar leƙa hanji, wato kolonoskofi, daga saman ƙarin yake fitowa, don haka ba ya nuna yawan majinar da ke can ciki. Likitan binciken tsoka ne ke yanke hukunci bayan ya duba dukkan abin da aka cire a ƙarƙashin madubin ƙara girma. A sankarar dubura, hoton MRI yakan nuna majinar tun kafin a yi aiki, saboda tana fitowa da haske sosai.

Siffofin cutar

Idan aka kwatanta da sankarar hanji ta yau da kullum, nau'in mai majina ya fi fitowa a ɓangaren dama na babban hanji, ya fi yawa a tsakanin mata da masu ƙarancin shekaru, kuma ƙarinsa yakan yi girma kafin a gano shi. Dalili ɗaya shi ne hanjin dama yana da faɗi, bayan gidan da ke cikinsa kuma ruwa-ruwa ne, saboda haka ƙari mai laushi yana iya daɗewa bai toshe hanya ba. Sau da yawa alamar farko ita ce ƙarancin jini, kasala da rama. Idan a dubura yake, akan ga jini da majina a bayan gida, da yawan jin bayan gida ba tare da an yi ba.

Ta fuskar ƙwayoyin gado, wannan nau'i ya fi ɗauke da sauye-sauyen da ake kira KRAS da BRAF. Ya kuma fi samun matsalar da ake kira MSI, wadda ke faruwa idan tsarin gyara kurakurai a ƙwayoyin gado ya lalace. Ana yawan ganinsa ga masu ciwon gado na Lynch, da waɗanda suka daɗe da ciwon kumburin hanji, da waɗanda aka taɓa yi wa gashi a ƙugu saboda wata sankarar.

Matakai da tiyata

Cuthbert Dukes na asibitin St Mark's da ke Landan ne ya fito da sanannen tsarin matakan sankarar dubura a 1932. A yau ana amfani da tsarin TNM, wanda ke duba zurfin ƙari, da kaluluwa, da bazuwa zuwa nesa. A taƙaice:

Mataki na 1: ƙarin yana cikin bangon hanji bai ratsa tsokarsa ba.
Mataki na 2: ya ratsa tsokar bangon, amma bai shiga kaluluwa ba.
Mataki na 3: ya shiga kaluluwar da ke kusa da hanji.
Mataki na 4: ya bazu zuwa hanta, huhu, tantanin ciki ko wata gaɓa mai nisa.

A tiyatar neman waraka ana cire ɓangaren hanjin da ke da ƙarin tare da jijiyoyin jininsa da kaluluwarsa a dunƙule. Ƙa'ida ita ce a samu kaluluwa aƙalla 12 a bincika, domin ƙasa da haka na iya sa a ɗauki mataki na 3 a matsayin na 2. A dubura, likitan Ingila Bill Heald ya bayyana a 1982 hanyar cire dubura tare da dukkan kitsen da ke kewaye da ita a cikin jakarsa ba tare da an fasa ta ba. Wannan hanya ta rage dawowar cutar a ƙugu ƙwarai da gaske. Idan likitan tsoka ya ga ƙwayoyin cutar a tazarar milimita 1 ko ƙasa da haka daga gefen yanka, ana ɗauka cewa an bar saura.

Ƙari mai majina yana da saurin fashewa saboda laushinsa. Idan ya fashe a lokacin aiki, majinar da ke ɗauke da ƙwayoyin cutar tana malala cikin ciki. Shi ya sa likitocin tiyata ke ƙoƙarin cire shi da duk abin da ya manne masa a yanka ɗaya.

Yawan dawowa da lokacinta

Cutar tana dawowa ne daga ƙwayoyin da suka riga suka tsere kafin tiyata, ko waɗanda aka bari a wurin aikin, waɗanda suka yi ƙanƙanta da yawa a gan su a hoto. Kimanin kashi 80 cikin 100 na dawowar sankarar hanji yana faruwa a cikin shekaru 3 na farko, kuma kusan duka a cikin shekaru 5. Wanda ya wuce shekara 5 ba a ga komai ba, haɗarinsa ya ragu matuƙa.

Wani bincike da aka yi a Denmak kan marasa lafiya fiye da 34,000 da aka yi wa tiyata tsakanin 2004 da 2019 ya nuna yadda mataki ke tafiyar da lamarin. Ga waɗanda aka yi wa aiki daga 2014 zuwa 2019, sankarar babban hanji ta dawo cikin shekaru 5 ga kimanin kashi 7 cikin 100 a mataki na 1, kashi 12 a mataki na 2, da kashi 25 a mataki na 3. A dubura alƙaluman sun kai kimanin kashi 10, 18 da 29. A farkon shekarun binciken, dawowa a mataki na 3 na babban hanji ta kai kashi 35 cikin 100. Raguwar ta biyo bayan kyautatuwar tiyata, hoto da magani. Waɗannan alƙaluma na dukkan nau'ukan sankarar hanji ne a ƙasar da ke da gwajin jama'a da kulawa kyauta.

Wuraren da take dawowa

Dawowa iri uku ce: a wurin aikin ko kusa da shi, a gaɓoɓi masu nisa kamar hanta da huhu, ko a tantanin ciki. Wani bincike na ƙasar Holan da Niek Hugen da abokan aikinsa suka buga a 2014, wanda ya duba rahotannin binciken gawa 5,817, ya fito da bambancin a fili. A cikin waɗanda cutarsu ta bazu, sankarar yau da kullum ta kai hanta a kashi 73 cikin 100, mai majina kuwa a kashi 52. A tantanin ciki lamarin ya juya: kashi 48 ga mai majina, kashi 20 ga ta yau da kullum. Mai majina ta kuma fi bazuwa zuwa wurare da yawa a lokaci guda. A mata takan sauka a gidan ƙwai.

Bayanin da masana suka fi bayarwa shi ne majinar da ta taru tana matsa wa bangon hanji, ta raba shimfiɗunsa, ta buɗe wa ƙwayoyin cutar hanya zuwa cikin ciki. Daga nan ruwan da ke zagaye kayan ciki yana kwasar su zuwa ƙugu, ƙarƙashin haƙarƙarin dama da kitsen da ya rufe hanji, inda suke tsira kamar yayyafin iri. Alamomin wannan dawowa sun haɗa da kumburin ciki, taruwar ruwa, ƙoshi da wuri, amai, murɗawar ciki, rama, da toshewar hanji da ke zuwa tana tafiya.

Wannan ya bambanta da wata cuta da ke cika ciki da majina sannu a hankali cikin shekaru, wadda galibi daga afendis take tasowa kuma maganinta da makomarta daban suke.

Abubuwan da ke ƙara haɗari

Rahoton likitan tsoka da na likitan tiyata su ne ke nuna girman haɗarin kowane mara lafiya. Abubuwan da ake dubawa sun haɗa da:

Ƙarin da ya huda fatar waje ta hanji ko ya manne wa wata gaɓa, wanda ake rubutawa T4. Wannan na cikin manyan alamun dawowa a tantanin ciki.
Yawan kaluluwar da cutar ta shiga, musamman 4 ko fiye.
Samun ƙwayoyin cutar a gefen yanka.
Shigar ƙwayoyin cikin ƙananan jijiyoyin jini ko jijiyoyin ji.
Zuwa asibiti da toshewar hanji ko hujewarsa, wanda ke tilasta aikin gaggawa.
Kasancewar ƙwayoyin zobe a cikin majinar.
Ma'aunin CEA a jini da ya yi sama kafin aiki kuma bai sauko ba bayan makonni.
Jinkirin fara maganin kemo, ko yanke shi a tsakiya.

Hasashen makoma

A 2012 wani nazari da Verhulst da abokan aikinsa suka yi ya haɗa bincike 44 masu ɗauke da marasa lafiya fiye da 220,000. Ya gano cewa nau'in mai majina yana ƙara haɗarin mutuwa da kashi 2 zuwa 8 cikin 100 kawai. A shekarar dai wani nazari na Amurka kan marasa lafiya kusan 245,000 ya nuna cewa, idan aka daidaita mataki, a babban hanji babu wani bambanci na a-zo-a-gani, amma a dubura mai majina ta ƙara haɗarin mutuwa da kimanin kashi ɗaya cikin biyar.

Dalilin bambancin dubura shi ne ƙari mai majina ba ya narkewa sosai da gashi da kemo da ake bayarwa kafin tiyata. Wani nazari na 2016 ya nuna cewa ba kasafai yake ɓacewa gaba ɗaya ba, kuma an fi samun saura a gefen yanka. Duk da haka, alƙaluman Holan da aka buga a 2015 sun nuna cewa tazarar da ke tsakanin nau'ukan biyu ta ƙanƙance bayan da aka rungumi hanyar Heald da gashi kafin aiki. Wani abin lura shi ne gashi da kansa yana iya barin majina a inda ƙari ya mutu. Idan babu ƙwayoyin cuta a cikin wannan majina, ba a lissafa ta a matsayin saura.

Matsayin MSI yana raba masu wannan nau'i gida biyu. Waɗanda ƙarinsu ke da MSI mai yawa a mataki na 2 suna da kyakkyawar makoma, domin garkuwar jiki tana gane irin wannan ƙari ta yaƙe shi. Waɗanda ba su da shi, makomarsu tana bin mataki da sauran alamun da aka lissafa.

A alƙaluman Amurka na dukkan sankarar hanji, kimanin kashi 90 cikin 100 suna kai shekara 5 idan an gano cutar tana cikin hanji kawai, fiye da kashi 70 idan ta shiga kaluluwa ko kusa, da kimanin kashi 15 idan ta bazu nesa. Tazarar da ke tsakanin matakai ta ninka wadda ke tsakanin nau'uka sau da yawa.

Magani bayan tiyata

Masu mataki na 3, da masu mataki na 2 da ke da alamun haɗari, ana ba su kemo domin kashe ƙwayoyin da suka rage. Ana so a fara cikin makonni 6 zuwa 8 bayan aiki. Haɗin da aka fi amfani da shi su ne FOLFOX, wanda ake ɗaurawa ta jijiya duk mako 2, da CAPOX, wanda ya ƙunshi ƙarin ruwa na oksaliplatin duk mako 3 tare da ƙwayoyin kapesitabin da ake sha a gida. Gwajin MOSAIC na 2004 ne ya tabbatar da amfanin oksaliplatin. Nazarin IDEA na 2018 ya nuna cewa ga masu mataki na 3 mai ƙarancin haɗari, wata 3 na CAPOX yana kusan daidai da wata 6, tare da raguwar illar dindiris a hannu da ƙafa. A waɗannan matakai, mai majina tana amfana da kemo kamar sauran nau'uka, don haka ba a canja haɗin saboda ita. Masu mataki na 2 da MSI mai yawa ba sa amfana da maganin 5-FU shi kaɗai.

An gwada wanke ciki da kemo mai ɗumi domin rigakafin dawowa a tantani. Gwajin COLOPEC na Holan a 2019 bai nuna amfani ba, yayin da gwajin HIPECT4 na Sifen a 2023 ya nuna raguwar dawowa a cikin ciki ga masu T4. Har yanzu wannan hanya ba ta zama ƙa'ida ga kowa ba. A 2025 gwajin CHALLENGE ya nuna cewa motsa jiki bisa tsari bayan kammala kemo yana rage dawowar cutar: kashi 80 cikin 100 sun kai shekara 5 ba tare da ita ba, idan aka kwatanta da kashi 74 a ɗaya rukunin.

Bibiya

Manufar bibiya ita ce a kama dawowa tun tana ƙarama, lokacin da za a iya cire ta. Jadawalin da aka saba bi ga masu mataki na 2 da na 3 shi ne ganin likita da gwajin CEA duk wata 3 zuwa 6 a shekaru 2 na farko, sannan duk wata 6 har shekara 5; hoton CT na ƙirji da ciki da ƙugu duk wata 6 zuwa 12; da kolonoskofi bayan shekara 1, sannan bayan 3, sannan duk shekara 5. Wanda aka yi wa aikin gaggawa ba a leƙa sauran hanjinsa ba, ana leƙa shi cikin wata 3 zuwa 6.

Nau'in mai majina yana da tarko biyu a nan. Hoton CT ba ya ganin ƙananan ɗigon cutar a tantanin ciki idan ba su kai rabin santimita ba. Hoton PET kuma, wanda ke dogara ga yadda ƙwayoyin sankara ke zuƙar sukari, yana iya fitowa lafiya ƙalau saboda ƙwayoyin ba su da yawa a cikin majinar. Don haka idan CEA yana ta hawa ko ciki yana kumbura alhali hoto bai nuna komai ba, likita yakan nemi MRI ko ya leƙa cikin da na'urar kyamara ta ƙaramin huji. Shan taba yana ɗan ɗaga CEA, kuma wasu ƙarin ba sa fitar da shi sam, saboda haka ba a dogara da shi shi kaɗai.

Maganin cutar da ta dawo

Idan cutar ta dawo a wuri ɗaya ko kaɗan a hanta ko huhu, tiyata ta biyu tana iya warkar da wasu. Idan a tantanin ciki ne, ana auna yawanta da ma'aunin da likitan Amurka Paul Sugarbaker ya yaɗa, wanda ya raba ciki gida 13 kuma makinsa yake tashi daga 0 zuwa 39. Masu ƙaramin maki ana iya yi musu doguwar tiyatar kankare duk abin da ido ke gani. Gwajin Holan na 2003 ya nuna matsakaicin tsawon rayuwa na wata 22 ga waɗanda aka yi wa wannan aiki da kemo mai ɗumi, da kusan wata 13 ga waɗanda aka ba kemo na yau da kullum. Gwajin PRODIGE 7 na Faransa, wanda aka buga a 2021, ya samu kusan wata 41 ko an ƙara kemo mai ɗumin ko ba a ƙara ba, abin da ya nuna cewa amfanin yana ga tiyatar kanta.

A cutar da ta bazu, mai majina ba ta jin kemo kamar sauran nau'uka. Masu MSI mai yawa kuwa suna amfana da magungunan zaburar da garkuwar jiki, kamar pembrolizumab, wanda gwajin KEYNOTE-177 na 2020 ya nuna fifikonsa a kan kemo. Inda waraka ba za ta yiwu ba, ana mayar da hankali ga rage zafi da magunguna irin su mofin, zuƙe ruwan ciki, da buɗe hanyar bayan gida idan hanji ya toshe.

Halin da ake ciki a Najeriya

Ƙiyasin hukumar binciken sankara ta duniya na 2022 ya nuna sababbin masu sankarar hanji fiye da 8,000 a Najeriya a shekara, wato ta huɗu bayan ta mama, ta mafitsarar maza da ta bakin mahaifa. Wani nazari na 2014 da ya tattara rahotannin ƙasar daga 1954 zuwa 2007 ya samu matsakaicin shekarun marasa lafiya 46. A Kano, rahoton da Edino, Mohammed da Ochicha suka buga a 2005 kan marasa lafiya 50 ya samu matsakaicin shekaru kusan 43, akasarin ƙarin yana dubura, kuma sun zo ne bayan cutar ta yi nisa.

A 2021 ƙungiyar bincike ta ARGO, ƙarƙashin Olusegun Alatise na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife da Peter Kingham na asibitin Memorial Sloan Kettering da ke Amurka, ta buga nazarin ƙwayoyin gado na ƙarin 'yan Najeriya. An samu MSI mai yawa a kashi 28 cikin 100, ninki biyu na wanda ke cikin babban kundin Amurka, kuma rabin marasa lafiyar ƙarinsu a dubura yake. Waɗannan abubuwa biyu sun shafi nau'in mai majina kai tsaye: dubura ita ce wurin da ya fi wuyar sha'ani, MSI kuma shi ne ke buɗe ƙofar maganin garkuwa, wanda tsadarsa ta fi ƙarfin mafi yawan iyalai.

Yammacin Jihar Kano

Ga mazauna Garo da ke ƙaramar hukumar Kabo, da garuruwan Gwarzo da maƙwabtansu, matakin farko shi ne cibiyoyin lafiya na matakin farko da Babban Asibitin Gwarzo, garin da ke da tazarar kimanin kilomita 70 yamma da birnin Kano. Kolonoskofi, CT, MRI, binciken tsoka da kemo kuwa ayyukan manyan asibitocin birni ne, musamman Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da aka kafa a 1988. Asibitin yana cikin guda bakwai da aka fara shirin rage farashin magungunan kemo da su a 2019. Domin gashi an daɗe ana tura marasa lafiya Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko na Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ko Asibitin Ƙasa na Abuja. A farkon 2023 aka ƙaddamar da cibiyar kula da masu ciwon daji ta Jihar Kano a Giginyu.

Jinkiri yakan fara tun daga gida. Jini da majina a bayan gida alamu ne da jama'a suka saba danganta su da basir, atuni ko ɗankanoma, don haka akan shafe watanni ana shan jiƙo da magungunan kemis. Ƙa'idar likitoci ita ce duk babban da ke zubar da jini ta dubura na makonni, ko yanayin bayan gidansa ya canja tare da rama, a duba duburarsa da yatsa sannan a tura shi leƙa hanji. Wannan dubawa ba ta bukatar wata na'ura, kuma tana iya taɓa ƙarin da ke ƙasa. Tsoron jakar bayan gida da ake maƙalawa a ciki yana sa wasu ƙin aiki, saboda tunanin tsarki da salla, ko da yake malaman fiƙihu suna ɗaukar mai irin wannan lalura a matsayin mai uzuri.

Idan aka yi aikin gaggawa saboda toshewar hanji a asibitin da ba shi da likitan tsoka, wajibi ne a saka abin da aka cire a ruwan fomalin a aika bincike. Ba tare da wannan rahoto ba, ba za a san nau'i, ko mataki, ko bukatar kemo ba. Bayan nan sai nauyin zirga-zirga: jadawalin bibiya na shekara 5 yana nufin zuwa asibiti sau 10 zuwa 14, ban da ranakun kemo da hoto. Haɗin CAPOX yana rage yawan tafiye-tafiye idan aka kwatanta da FOLFOX. A Najeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin lafiya daga aljihun jama'a yake fitowa, kuma asusun tallafin masu ciwon daji da gwamnatin tarayya ta fara a 2021 ya soma ne da sankarar mama, bakin mahaifa da mafitsarar maza kaɗai. Jin sauƙi bayan aiki, haɗe da ayyukan damina da ƙarancin kuɗi, na daga cikin abubuwan da ke sa mara lafiya ya daina zuwa a daidai shekarun da cutar ta fi dawowa.

Dangin mara lafiya

Ciwon gado na Lynch yana haddasa kimanin kashi 3 cikin 100 na sankarar hanji, kuma kowane ɗa ko 'yar mai shi yana da rabin yiwuwar gadonsa. Ana zarginsa idan ƙari mai majina ya fito a hanjin dama kafin shekara 50, ko idan dangi suna da tarihin sankarar hanji ko ta mahaifa. Waɗanda aka tabbatar suna da shi ana leƙa hanjinsu duk shekara 1 zuwa 2 tun daga shekara 20 zuwa 25. Ga sauran iyalai, iyaye, 'yan'uwa da 'ya'yan mara lafiya suna fara gwaji a shekara 40, ko shekara 10 kafin shekarun da aka gano cutar ga ɗan'uwansu, duk wanda ya riga zuwa.

Duba kuma

Ciwon daji
Sankarar babban hanji da dubura
Ciwon gado na Lynch
Basir
Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano
Gwarzo
Kabo